Abin da Muka Auna a Kurmin Dagwal

Faisal ne ya jawo zancen, ɗan mai shagon shayin nan na unguwar Mansur a Makka, inda muke zama bayan la'asar. Ya gan ni na dawo daga dawam, wato daga aiki, da sandar awo a kafaɗa, sai ya ce da abokansa, rabi Larabci rabi Hausa, "Shugul ɗin Ammi Idi sahal ne wallahi. Ka riƙe sanda ka tsaya, na'ura ta yi komai." Wai aikina mai sauƙi ne. Suka yi dariya. Ban ji haushi ba, don haka aikin yake ga wanda yake kallonsa ta tagar mota. Amma tun da kun zauna, samari, bari in gaya muku yadda yake ga wanda yake ciki.

Sunana Idrisu, tun a gida ake ce min Idi Safiyo. Na haura shekara ashirin a Makka ina awon ƙasa da wani kamfanin gine-gine. A nan massah ake ce wa mai aikin. Kafin a haƙa tushen kowace imara, wato babban bene, mu ne muke fara hawa dutsen mu buga ƙusa, mu shafa jan fenti, mu ce nan ne kusurwa. Wanda ya zo bayanmu, daga mai katafila har mai fenti, a kan ƙusar nan yake dogara. In ta goce, ginin duka ya goce.

Ranar da na fara koyo a wurin Malam Bawa, can a gida, bai bar ni na taɓa na'ura ba. Sarƙa ya miƙo min, ta ƙarfe mai gaɓa ɗari, ya ce in koyi naɗe ta da warware ta. Mako guda ina wannan a tsakar gidansa. Daga baya na gane dalili. Gaɓa ɗaya in ta lanƙwashe, sarƙa ta gajarta. In zobban suka ci juna saboda daɗewa, ta ƙara tsawo. Ko wanne ya faru, ƙarya za ta riƙa yi maka duk yini ba ka sani ba. Sai kuma tsinkayen ƙarfe guda goma. Na gaba yana ja yana kafawa, na baya yana tsincewa, in goma suka cika a hannunsa a tsaya a rubuta. Na taɓa yar da tsinke ɗaya a cikin ciyawa na ɓoye ban faɗa ba. Da yamma lissafi ya ƙi rufuwa. Rufuwa ita ce ka zagaye fili ka dawo turken da ka fara, lambobinka su ma su dawo inda suka tashi. Malam Bawa bai yi faɗa ba. Ya ce, "Idi, ƙirga min tsinkayenka." Na ƙirga tara. Washegari muka sake aikin daga farko, ni kaɗai na ja sarƙar, gaba da baya.

Shekara biyu na yi kafin ya bar ni na kafa na'urar hange a kan ƙafafunta uku. Akwai 'yar kumfa a cikin gilashi wadda dole ta zauna daidai tsakiya, kuma ba ta zama don ka matsu. Sandar da Faisal yake raina ma tana da tata kumfar. In ka karkata ta kaurin yatsa a sama, ka ba wa wani ƙasar wani a ƙasa.

Akwai wani aiki da muka yi a bayan unguwar Aziziyya, katanga tsakanin 'yan uwa biyu da suka gaji fili a gefen dutse. Tsakar rana ce ta bazara. Na leƙa na'ura na ga sandar tana rawa kamar a cikin ruwa, saboda hucin da yake tashi daga dutsen, tef ɗin ƙarfe kuma ya yi zafin da ba ya taɓuwa, ƙarfe in ya yi zafi miƙewa yake. Na ce da muhandis ɗinmu, wato injiniya, wani Basudane mai haƙuri, mu bari sai bayan la'asar. Babban wan ya ce ɓata masa lokaci muke yi. Da muka sake da yamma, bambancin ya kai kaurin bulo, kuma shi wan ne zai yi asarar. Ya kawo mana ruwan sanyi. Masu fili haka suke. Wani zai tsaya yana maka hira mai daɗi, ƙafarsa tana tura turke a hankali. Wani kuma zai zo da takardar mallaka tun ta kakansa, wadda ta ce iyaka ita ce "bishiyar magarya", alhali magaryar ta mutu kafin a haife shi.

Amma aikin da nake so ku ji ba a nan aka yi shi ba. Ina shekara ta huɗu da Malam Bawa aka tura mu wani daji a kudu da mu, ana ce masa Kurmin Dagwal. Wani kamfani ne ya samu takarda zai sare itatuwan ya yi gona babba, mu kuma aka ɗauke mu mu zagaye iyaka mu kafa turakun siminti. Takardar ta ce daji ne da babu mazauna.

Safiyar farko, muna sare ciyawa don buɗe layi, muka tarar da mutane zaune a kan hanyarmu, maza da mata. Wata ƙaramar ƙabila ce, suna da yarensu amma suna jin Hausa, wasu Musulmi, wasu Kirista, wasu suna kan na iyayensu. Wani dogon tsoho ya tashi da gatari a kafaɗa. Kafin ya yi magana sai da ya sauke gatarin ya ajiye a ƙasa. Shi ne Baba Dogo, sarkin dajinsu. Shi yake faɗin ranar da za a fara cire zuma, da gefen da za a sa wa wuta a shekara, da itacen da ba a sarewa.

Ya gaishe mu, ya ce, "Wa ya aiko ku?"

Malam Bawa ya ce, "Baba, gwamnati ce ta ba wani kamfani wurin nan. Mu awo kawai muka zo yi."

"Karanta min abin da ta ba shi."

Malam ya karanta, yana fassarawa. Da ya zo wurin da aka ce babu mazauna, Baba Dogo ya ce ya maimaita. Ya maimaita. Tsohon ya juya ya dubi mutanensa, ya dawo da kallonsa kanmu, ya ce, "To mu da kake gani, malam, da wa kake magana?"

Samarinsu sun riga sun kewaye ni, ɗaya ya kama bakin sarƙar yana ja. Baba Dogo ya yi masa magana da yarensu, ya saki. Sannan ya ce da Hausa, don mu ma mu ji, "In kun karya wannan, gobe za a kawo wata da 'yan sanda a bayanta, kuma takardar tana nan yadda take. Ku bar su su auna." Ya dubi Malam. "Amma da sharaɗi. Za mu bi ku. Duk abin da sarƙar nan ta bi ta kansa, ka rubuta shi a littafinka. In kabari ne ka ce kabari. In rijiya ce ka ce rijiya."

Malam Bawa ya ce, "Ai aikin ke nan ma, Baba."

"To mu gani."

Mako shida muka yi a kurmin nan. Kullum Baba Dogo yana gaba, kuma tare da shi akwai wata mata, Inna Kande, wadda a lokacin ba ta wuce arba'in ba. Ita ce shugabar matan da suke tsintar kaɗanya da ɗorawa. Babu bishiyar da ba ta san gidan da yake da ita ba. Za ta dafa kututture ta ce wannan ta gidan wane ce, kakarsu ce ta raine ta. Mu muna ganin daji, su suna nuna mana gari: amya a rataye a saman itatuwa, tsohuwar maƙera da ƙurar ƙarfe a ƙasa, rijiyoyi da aka rufe da faifan dutse, kaburbura da aka zagaye da duwatsu. Duk wanda muka samu, sai mu auna nisansa daga layi, Malam ya rubuta da fensir, ya zana.

Kwana uku kawai Baba Dogo ya yi yana kallon sarƙar ya gane tsawonta. Daga nan sai ya tsaya ya ce, "Daga nan zuwa rafi, sarƙarku goma sha biyu da kaɗan." Mu ja, mu samu goma sha biyu da 'yan gaɓoɓi. Malam Bawa, wanda bai cika yabon kowa ba, ya ce da ni, "Wannan da ya samu makaranta, mu ne za mu riƙa ja masa sarƙa."

Inna Kande ba ta karatu, amma kullum kafin rana ta faɗi sai ta sa Malam ya karanta mata abin da ya rubuta a ranar. Wata rana ya gama, ta ce, "Malam, ka tsallake ɗaya. Kabarin yarinyar nan da ke gindin tsamiya."

Ya duba, ya ce, "Ƙarami ne, Inna, na haɗa shi da na kusa da shi."

Ta ce, "Uwarta ba ta haɗa ta da kowa ba. Ka ba ta nata layin."

Muka koma da sarƙa muka auna shi shi kaɗai.

Da muka dawo gari muka miƙa aiki, bayan wata guda aka kira Malam ofishin kamfanin ya sa hannu a taswira. Na raka shi. Aka shimfiɗa ta a kan tebur, iyakarmu tana nan daidai, turke bayan turke, amma cikinta fari fat. Babu rijiya, babu kabari, babu komai. Malam ya daɗe yana kallo, ya ce, "Wannan ba awona ba ne."

Manajan ya ce, "Iyaka muka ɗauke ka ka yi. Iyakar ba daidai take ba?"

"Daidai take. Amma a ƙasa an rubuta babu mazauna, kuma a nan ake so in sa sunana."

Ya mayar da alƙalamin aljihu. Suka ce to ya kawo littattafan da ya yi aikin da su. Ya ce littattafansa ne, shi ya saya, a cikinsu yake rubutu tun kafin su san shi. Muka fito. Cikin mako guda suka samu wani ya sa musu hannu.

Wannan ita ce muguwar shekararmu. Labari ya zagaya cewa Malam Bawa yana da taurin kai, babu ɗan kwangilar da ya sake kiranmu. Muka koma raba gonakin gado a ƙauyuka, a ba mu dawa ko kaza. Ya sayar da na'urar hangen, muka rage daga sarƙa sai kamfas. A can Dagwal kuma katafila ta iso. Inna Kande ta tara mata suka zauna a gabanta da ƙoransu, tun safe har yamma, kwana da kwanaki, wata ta tashi wata ta zauna. Direban ya kashe inji ya tafi. Aka kawo wani da 'yan sanda. Baba Dogo ya hana samari fitowa da ko sanda, ya zo da kansa ya tsaya, aka kama shi da sunan tayar da hankali. Aka sake shi bayan watanni, ya je ya tsaya a wuri ɗaya, aka sake kama shi. Ana cikin haka kamfanin ya cinye gefen gabas, wurin da ya fi manyan itatuwa.

Na je gidan yari na gan shi sau ɗaya, na kai masa goro. Ya rame, amma tsayinsa yana nan. Bai tambaye ni komai ba sai, "Littafin yana nan?"

Na ce, "Yana nan, Baba. In kawo wa mutanenku?"

"A'a. Yanzu in ya fito karɓewa za a yi. Ku adana shi. Ranarsa ba ta zo ba."

Ƙarshen damina Malam Bawa ya kwanta, bai tashi ba. Bayan addu'ar arba'in matarsa ta kira ni ta ba ni akwatin ƙarfensa, ta ce shi ya ce a ba ni. Sarƙa ce a ciki, da kamfas, da littattafai uku na Dagwal a naɗe cikin leda. Bayan 'yan shekaru na samu hanyar zuwa nan, na taho da akwatin. Na koyi sababbin na'urori, na koyi Larabcin wurin aiki, na sabunta iƙama, takardar izinin zama, sau ba adadi. Gaskiya ita ce da farko ina tambayar alhazai labarin Dagwal, daga baya na daina.

Shekara shida da suka wuce, kwana kaɗan bayan an sauko daga Mina, na tsaya sayen tuwo a wurin Hajiya Binta a nan Mansur, sai ta ce, "Malam Idi, akwai wata tsohuwa kwana uku tana zagaya layin nan, shago shago. Wai tana neman yaron Malam Bawa mai jan sarƙa. Na ce mata yaro dai babu, amma akwai wani mai furfura." Ta ba ni kwatancen masaukinsu a Aziziyya.

Na same ta zaune a kan darduma a ƙasan bene, cikin jakunkunan alhazai. Ta tsufa, ta ƙanƙance, amma da ta ɗago ido na gane ta. Na durƙusa na ce, "Inna, barka da sauka. Allah ya karɓi ibada."

Ta ce, "Amin. Idi, ka yi ƙiba." Ta bari na gama gaisuwa, sannan ta ce, "Na zo don Allah, na kuwa gama wannan. Yanzu saura na kurmi."

Ta ba ni labari. Baba Dogo ya rasu da daɗewa, kuma kafin ya rasu ya tara dattawa ya ce Kande ce za ta riƙe maganar dajin, abin da ba a taɓa ba mace ba a wurinsu. Kamfanin farko ya sayar wa wani, sabon yana son gefen yamma da ya rage. Sun kai ƙara. Wata 'yar garinsu da ta yi karatun lauya ce take tsaya musu. Shekaru ana ɗagawa, kuma kullum magana ɗaya ce: ina shaidar cewa akwai mutane a wurin kafin a ba da shi? Wasu rijiyoyin an cike su, duwatsun kaburbura da yawa an kwashe. Baba Dogo ya gaya mata littafin yana hannun mutanen Malam Bawa. Ta je gidan Malam, aka ce yana wurin Idi, Idi kuma yana Makka. Sai mutanen garin, har da waɗanda ba Musulmi ba, suka haɗu suka biya mata kujera.

Na ce, "Inna, littattafan suna ƙarƙashin gadona. Yau ɗin nan zan kawo miki."

Ta girgiza kai. "Lauyarmu ta ce littafi ba ya amsa tambaya. Sai da wanda ya ja sarƙar. Malam ya tafi, Baba ya tafi. Kai ka rage."

Na yi mata bayani. Mun fara wata babbar imara, ni ne nake riƙe da duk ƙusoshin tushe. Iƙamata saura wata biyu ta ƙare. In na nemi ijaza, wato hutu, yanzu, kamfani zai iya kawo wani a gurbina, kuma a shekaruna ba a sake ɗaukar mutum. Iyalina a gida da wannan aikin suke ci. Ta saurare ni har ƙarshe, ta ce, "Ina ne wurin aikin naku?"

Washegari da hantsi ina kan na'ura sai na hango ta, ta sauka daga tasi ita kaɗai, ta samu inuwar kwantenar ofis ta zauna a ƙasa. Mai gadi ya yi ya yi ta tashi, ba ta jin Larabci, ba ta kuma nuna alamar tana son ji. Har azahar tana nan. Da muhandis ya fito ya tambayi wace ce, dole na zo na tsaya a tsakaninsu ina fassara, ni da ake maganar a kaina.

Ta ce, "Ka gaya masa aron ka na zo, ba kyauta ba. Mako biyu."

Na faɗa. Ya ce aiki ba zai tsaya ba, ta yi haƙuri.

Ta ce, "Ka tambaye shi, a garinsu ina aka binne kakansa?"

Na ji nauyin fassara wannan, amma ta tsare ni da ido, na fassara. Muhandis ya cire hular kwanonsa ya share gumi. Ya ce a bakin kogi ne, amma an tashe su daga wurin tun yana yaro, bai san inda kabarin yake ba yanzu. Ya shiga ofis, ya fito da kwalbar ruwa ya ba ta da hannu biyu, ya ce da ni, "Ya Idris, ka nuna wa mataimakinka Bashir ƙusoshinka yau da gobe. Zan yi magana da kafil, mai kamfanin. Mako biyu, kada ka ƙara kwana." Da na gaya mata, ta ce, "To," ta miƙo min hannu na ɗaga ta.

Na tafi gida da akwatin. A kotu lauyan kamfanin ya ɗaga littafin Malam da yatsa biyu ya ce, "Rubutun fensir ne. Me zai hana a ce jiya ka zauna ka rubuta shi?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, turakun da muka kafa suna nan da lambobinsu, su ne ma a taswirar kamfanin. Littafin ya ce daga turke kaza, ka fuskanci kaza, ka ja gaɓa kaza, za ka samu kaza. Ni rabona da wurin tun ina saurayi. In ƙarya ce, ƙasa za ta nuna."

Alƙali ya ce a je a gani. Aka haɗa mu da wani matashin safiyo na gwamnati mai irin na'urar da kuke gani a hannuna yanzu, wadda take magana da tauraron ɗan Adam. Ina karanta masa lambobin Malam, yana juya su zuwa mita, yana tafiya yana kallon allonsa. Wurin farko rijiya ce. Babu alamar komai, ciyawa ce kawai. Kafin ya isa, Inna Kande ta riga ta wuce shi ta tsaya a wani wuri ta dogara sandarta. Ya zo yana bin na'ura har ya tsaya a gabanta, ya ɗago ya dube ta. Aka haƙa kamu biyu, sai ga faifan dutse, a ƙarƙashinsa bakin rijiya.

Haka muka yi ta yi har kwana uku. Ba duka muka samu ba, wasu katafila ta shafe su ƙarƙaf. Amma mun samu maƙerar, mun samu kaburbura da yawa. Tsamiyar nan an sare ta, sai kututture, amma da aka share ganye duwatsun ƙaramin kabarin suna nan a jere. Matashin ya gwada awonsa da na Malam, bambancin bai kai taƙi ɗaya na hannu ba. Ya tambaye ni da wace na'ura aka yi aikin. Na buɗe akwati na nuna masa sarƙar.

Na dawo Makka ana saura kwana ɗaya ijazata ta cika. Babbar imarar an bar wa Bashir, ni aka mai da ni ƙananan ayyuka, a can nake har yau, kuma an sabunta min iƙama. Hukunci bai fito ba sai bayan shekara guda. Kotu ta ce gefen yamma nasu ne, kada kowa ya taɓa. Gefen gabas kuwa, wanda aka riga aka sare, ta bar wa kamfanin, kuma a can iyayen Baba Dogo suke kwance. Lauyar ta gaya min a waya cewa ranar mutane suna ta murna a bakin kotu, Inna kuwa ta ja ta gefe tana tambayarta yadda ake ɗaukaka ƙara.

Juma'ar da ta wuce, na dawo daga masallaci ina cin abinci, sai ga hoto ya shigo wayata daga lambar jikar Inna Kande. Sabon turken siminti ne a bakin rafi, a cikin gefen yamman da kotu ta hana taɓawa, simintin ko bushewa bai gama yi ba, da lamba a jikinsa da jan fenti. Ban gama dubawa ba Inna ta kira. Muryarta ta yi rauni, sai na kara wayar sosai a kunne.

Ta ce, "Idi, ka gani? Mata ne suka tarar da shi da safe. Guda huɗu ne, a jere."

Na ce, "Na gani, Inna. Kada kowa ya tumɓuke. A ɗauki hoton kowanne, a kai wa lauya."

"Na riga na hana su taɓawa. Na zaunar da mutum a gindin kowanne."

Na ce, "Inna, ba ki gaji ba?"

Ta ce, "Na gaji tun shekarar da aka fara kama Baba. Ga yarinyar nan da takarda da alƙalami. Faɗa mata abin da lambar take nufi, a hankali, yadda za ta rubuta."

Na ture kwanon abincin gefe, na ce ta fara karanto min daga hagu.